Iko, Aiki da Mazaunin Aure a Fim ɗin Telugu na Gundamma Katha (1962)

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan Gundamma Katha, fim ɗin zamantakewar iyali da aka shirya cikin harshen Telugu na kudancin Indiya a shekarar 1962. An bi diddigin asalin labarin, da kamfanin da ya shirya shi, da yanayin doka da al'ada na lokacin da ya fito. An nuna cewa duk da fim ɗin ya shahara a matsayin barkwanci a kan muguwar matar uba, ainihin abin da ake jayayya a kansa shi ne wanda zai riƙe ragamar gida da dukiyarsa bayan rasuwar maigida. Fim ɗin ya warware wannan jayayya ta hanyoyi uku, wato sauya mazaunin ma'aurata, da mayar da aikin gida ma'aunin nagarta, da amfani da ɓad-da-kama. An kuma kwatanta zubin labarin da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, domin fito da inda suka haɗu da inda suka raba hanya. Maƙalar ta kammala da cewa nazarin tasirin finafinan Indiya a ƙasar Hausa zai ƙara inganci idan aka bambanta na Hindi da na kudancin Indiya.

Fitilun Kalmomi: Telugu, Gundamma Katha, matar uba, gado, mazaunin aure, Indiya-Hausa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana rubuce-rubuce a kan alaƙar Hausawa da finafinan Indiya. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu, alal misali, sun nuna yadda 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka riƙa shigo da waɗannan finafinai, da yadda suka yi naso a cikin adabin kasuwar Kano da finafinan Hausa. Sai dai akasarin wannan nazari ya karkata ne ga finafinan Hindi na birnin Bombai, har kalmar "fim ɗin Indiya" ta zama tamkar sunan masana'anta guda ɗaya. Haƙiƙanin lamarin kuwa shi ne Indiya tana da masana'antu da dama, kowace da harshenta da taurarinta da tarihinta.

Bunƙasar fassarar Indiya-Hausa, wadda sutudiyo irin su Algaita da ke Kano suka yi fice a kanta, ta sa wannan bambanci ya zama abin kulawa. Da yawa daga cikin finafinan da ake ɗora wa muryar Hausa na kudancin Indiya ne, musamman na Telugu da na Tamil. Mai kallo a Kano ko Damagaram ya san Nagarjuna, ya san ƙaramin N. T. R., amma ba lalle ba ne ya san cewa na farkon ɗa ne ga Akkineni Nageswara Rao, na biyun kuma jika ne ga N. T. Rama Rao. Waɗannan dattawa biyu su ne ginshiƙan masana'antar Telugu a zamaninsu, kuma su ne suka fito a matsayin wa da ƙane a fim ɗin da wannan maƙala ta ɗauka.

Manufar maƙalar ita ce gabatar da fim ɗin ga manazarta Hausa tare da fito da matsalar da ya gina labarinsa a kanta. Matsala ce da kowace al'umma mai tsarin gidan gandu ta sani: idan maigida ya kwanta dama ya bar mata da 'ya'ya da dukiya, wa zai yi iko, kuma mene ne makomar marainiyar da ba ta da uwa a gidan?

2.0 Harshen Telugu da Masana'antarsa ta Fim

Telugu yana cikin dangin harsunan Dirabidiya, tare da Tamil da Kannada da Malayalam, saboda haka ba ɗan gida ɗaya ba ne da Hindi. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mutane kimanin miliyan 81 ne ke magana da shi a matsayin harshen uwa, abin da ya sa shi a matsayi na huɗu a ƙasar bayan Hindi da Bengali da Marathi. Cibiyarsa ita ce jihohin Andhra Pradesh da Telangana. An kafa jihar Andhra a 1953 bayan gwagwarmayar neman jiha ta masu harshen, aka faɗaɗa ta zuwa Andhra Pradesh a 1956, sannan aka cire Telangana daga cikinta a 2014.

Fim mai magana na farko a harshen shi ne Bhakta Prahlada, wanda ya fito a farkon shekarun 1930. Tsawon shekaru da dama, a birnin Madaras, wanda yanzu ake kira Chennai, ake shirya finafinan Telugu, duk kuwa da cewa birni ne na masu harshen Tamil. Wannan zama wuri ɗaya ya sa kamfanoni suka saba da ɗaukar fim guda cikin harsuna biyu a lokaci ɗaya, da kayan aiki ɗaya, wani lokaci ma da wasu taurari iri ɗaya. Sai daga baya masana'antar ta yi ƙaura sannu a hankali zuwa Haidarabad.

Masu sharhi sukan kasa finafinan wancan zamani gida huɗu. Akwai pauranikam, waɗanda ake ɗauko labarinsu daga littattafan addinin Hindu. Akwai janapadam, masu kama da tatsuniya, na sarakuna da matsafa da aljanu. Akwai na tarihi. Sannan akwai sanghikam, wato na zamantakewa, masu magana a kan rayuwar yau da kullum ta aure da gado da bashi da zaman surukai. Gundamma Katha yana cikin wannan rukuni na ƙarshe, ko da yake, kamar yadda za a gani, ƙashin bayansa na tatsuniya ne.

3.0 Asalin Fim ɗin da Waɗanda Suka Shirya Shi

Kamfanin Vijaya na B. Nagi Reddi da Aluri Chakrapani ne ya shirya fim ɗin. Mutanen biyu sun fara haɗa gwiwa ne a harkar ɗab'i, inda suka kafa mujallar yara ta Chandamama a 1947. Chakrapani marubuci ne da ya fassara ƙagaggun labaran Sarat Chandra daga Bengali zuwa Telugu, shi kuwa Nagi Reddi shi ke kula da kuɗi da sutudiyo. Kafin 1962 sun riga sun fitar da Shavukaru (1950), da Pathala Bhairavi (1951), da Pelli Chesi Choodu (1952) wanda ya yi suka ga al'adar biyan ango dukiya, da Missamma (1955), da Mayabazar (1957). An san kamfanin da salo guda: a taɓo matsalar da ke damun jama'a, amma a lulluɓe ta da raha yadda iyali gaba ɗaya za su kalla ba tare da an tashi da ɓacin rai ba.

Labarin ya samo tushe daga wurare biyu. Na farko shi ne fim ɗin Kannada mai suna Mane Thumbida Hennu (1958) na B. Vittalacharya, wanda Nagi Reddi ya sami iznin sake shiryawa. Na biyu shi ne wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Taming of the Shrew. Chakrapani ya riƙe yanayin gidan da ke cikin fim ɗin Kannada, ya sake gina sauran labarin. Babban sauyin da ya yi shi ne cire mijin Gundamma, ya mayar da ita matar da mijinta ya rasu. Wannan sauyi guda shi ne ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya, domin ya bar kujerar maigida babu kowa a kai.

Kamalakara Kameswara Rao, wanda aka fi sani da finafinan pauranikam, shi ya ba da umarni. D. V. Narasa Raju ya rubuta zantuka, Pingali Nagendra Rao ya rubuta waƙoƙi, Ghantasala ya tsara kiɗa, Marcus Bartley kuma ya ɗauki hoto cikin baƙi da fari. An saki fim ɗin ranar 7 ga Yuni, 1962, kuma shi ne na ɗari a jerin finafinan N. T. Rama Rao. An ɗauki takwaransa na Tamil mai suna Manithan Maravillai a lokaci guda, inda Gemini Ganesan ya maye gurbin Rama Rao. Fim ɗin na Telugu ya yi kasuwa har ya kai mako 25 ana nuna shi. A 1980 Nagi Reddi ya sake shirya labarin cikin Hindi da sunan Swayamvar, tare da Sanjeev Kumar da Shashi Kapoor.

4.0 Taƙaitaccen Labari

Gundamma, wadda Suryakantham ta fito a matsayinta, mace ce mai dukiya, masifaffiya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da 'ya'ya uku. Biyu nata ne, wato Saroja da Prabhakar. Ta ukun, Lakshmi, 'yar miji ce daga matarsa ta farko da ta rasu. Lakshmi, wadda Savitri ta taka rawarta, ita ce ke shara da wanki da girki, tamkar baiwa a gidan ubanta. Saroja kuwa, wadda Jamuna ta fito a matsayinta, an shagwaɓa ta har ba ta iya ɗaga tsinke. Shirin Gundamma shi ne ta samo wa Saroja ɗan masu kuɗi, ta kuma aurar da Lakshmi ga wani marar galihu da zai zauna a gidan, ta yadda za ta sami masu yi mata aiki biyu maimakon ɗaya.

Wani attajiri mai suna Ramabhadrayya, wanda S. V. Ranga Rao ya fito a matsayinsa, ya zo gidan a kan maganar aure. Ya gano cewa marigayin abokinsa ne, ya kuma ga halin da Lakshmi ke ciki. Shi da 'ya'yansa biyu suka ƙulla dabara. Babban, Anji, wato Rama Rao, ya yi shigar burtu ya shiga gidan a matsayin bara marar asali, ya yi ta aiki har Gundamma ta yarda ta ba shi Lakshmi. Ƙaramin, Raja, wato Nageswara Rao, ya nemi Saroja a matsayinsa na ɗan mai arziki, amma bayan ɗaurin aure sai ya rikiɗe, ya nuna mata shi mashayi ne kuma ba ɗan kowa ba ne. Saroja ta zaɓi bin mijinta, suka tare a wata 'yar bukka a gefen lambu, inda ta koyi girki da aikin ƙarfi da haƙuri.

Bayan 'yan matan biyu sun bar gidan, sai reshe ya juye da mujiya. Auren Prabhakar da Padma ya kawo wata 'yar'uwar amarya mai suna Durgamma, wadda ta fi Gundamma iya masifa. Ita da Gantayya, wani maƙetaci mai shige da fice a gidan wanda ya daɗe yana haƙon dukiyar domin ɗansa, suka ƙwace ragama, suka mayar da Gundamma saniyar ware a cikin gidanta. Lakshmi da Anji ne suka dawo suka cece ta. Daga ƙarshe gaskiya ta bayyana, Saroja ta gane cewa lambun na surukinta ne, kowa ya haɗu a ƙarƙashin inuwar Ramabhadrayya.

5.0 Jayayya a Kan Iko

5.1 Mace Mai Dukiya da Dokar Zamanin

Ba za a fahimci Gundamma sosai ba sai an duba dokokin da Indiya ta kafa cikin shekaru bakwai kafin fitar fim ɗin. Dokar Auren Hindu ta 1955 ta hana auren mace fiye da ɗaya, ta kuma buɗe ƙofar saki ta hanyar kotu. Dokar Gadon Hindu ta 1956 ta mayar da abin da mace ta mallaka nata ɗungurungum. Kafin nan, a ƙarƙashin dokar 1937, matar mamaci tana cin moriyar rabonta ne kawai tsawon ranta, ba ta da cikakken ikon sayarwa ko kyautarwa. Dokar 1956 ta kuma sanya 'ya mace cikin magada na sahun farko a dukiyar da uba ya tara da kansa. A 1961 aka zartar da dokar hana biyan ango dukiya.

Saboda haka masu kallo na 1962 suna rayuwa ne a lokacin da mace irin Gundamma ta zama mai yiwuwa a idon doka: ba miji, ba wakili, ga dukiya, ga ikon yanke hukunci a kan auren 'ya'ya. Fim ɗin ya zana wannan mace a matsayin abin dariya da abin tsoro a lokaci guda. Akwai ma wata waƙa da Anji ke rerawa yana tsakiyar aikin gida, wadda ke magana cikin zolaya a kan farkawar mata, da shigarsu takarar zaɓe da aikin ofis, da samun dokar saki. Har yau masu sharhi suna saɓani a kan ko yabo ne ko habaici. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne fim ɗin yana sane da sauyin da ake ciki.

Abin lura shi ne Lakshmi ba ta nemi rabonta na gado ba, babu kuma wanda ya nema mata. Ramabhadrayya, mai kuɗi da faɗa a ji, bai kai ƙara ba, bai tara dangi ba. Maganin da labarin ya bayar ga zaluncin da ake yi wa marainiya shi ne miji nagari daga babban gida. Haƙƙin da doka ta ba ta ya zama abin da ba a buƙata, tun da sa'a ta kawo mata abin da ya fi shi.

5.2 Mazaunin Ma'aurata

A al'adar Telugu, kamar ta Hausa, amarya ce ke tarewa a gidan miji. Amma akwai wani tsari mai suna illarikam, inda ango ke komawa gidan surukai da zama, galibi idan ba su da ɗa namiji da zai riƙe gona da gida. Tsarin halal ne a al'ada, sai dai namijin da ya yi shi yakan sha zolaya. Batun ya shahara a lokacin har an yi fim sukutum mai wannan suna a 1959, tare da Nageswara Rao da Jamuna. Yana da ɗan kama da auren ɗauki-sandanka na Hausa ta fuskar cewa matar ba ta barin gidansu, amma ya bambanta da shi domin a illarikam mijin yakan tare ne gaba ɗaya, ya shiga cikin ma'aikatan gandun surukansa.

Gundamma tana da ɗa namiji, don haka ba ta da hujjar al'ada ta neman surukin da zai zauna mata. Buƙatarta ita ce kada hannun da ke yi mata aiki ya fita daga gidan. A nan ne dabarar Anji ta yi tasiri, domin ya ba ta daidai abin da take so: namiji ƙaƙƙarfa, marar dangi, mai cewa "to". Da aure ya ɗauru, sai haƙƙin miji na tafiya da matarsa ya rinjayi ikon matar uba. Haka Raja ya yi da Saroja. Idan aka bi motsin taurari daga farkon fim zuwa ƙarshensa, za a ga duk tafiya ɗaya ce: daga gidan da mace ke mulki zuwa gidan da dattijo namiji ke mulki. Ita kanta Gundamma can ta ƙare.

5.3 Aiki a Matsayin Ma'auni

Fim ɗin yana auna kowane tauraro da aikin hannunsa. Lakshmi tagari ce domin tana aiki. Saroja ta lalace domin ba ta yi, ta kuma gyaru ranar da ta fara. Gantayya da ɗansa miyagu ne domin suna son cin gumin wasu. Shi kansa Anji, ɗan attajiri, bai cancanci Lakshmi ba sai da ya yi wanki da niƙa kamar yadda take yi. Wannan ɓangare shi ne ya fi ba fim ɗin armashi, domin ganin babban tauraron da jama'a suka saba gani a matsayin Krishna sanye da gajeren wando yana aikin bara abin dariya ne ƙwarai, kuma yana ɗaukaka darajar aikin da aka saba rainawa.

Sai dai ma'aunin bai daidaita ba. Aikin Anji na ɗan lokaci ne, shi ya zaɓa, kuma ya san ranar da zai tuɓe kayan bara. Aikin Lakshmi tilas ne. Na Saroja kuwa horo ne da aka shirya mata ba da saninta ba. Gundamma ta zalunci Lakshmi da aiki, labarin ya kira shi zalunci. Raja ya hori Saroja da aiki, labarin ya kira shi tarbiyya. Bambancin da ke tsakani shi ne wanda ya ba da umarnin da kuma niyyar da labarin ya jingina masa.

5.4 Ɓad-da-kama da Gadon Shakespeare

A wasan Shakespeare, attajirin Padua mai suna Baptista yana da 'ya'ya mata biyu: babbar, Katherina, masifaffiya, da ƙaramar, Bianca, mai sanyin hali. Petruchio ya auri babbar ya lanƙwasa ta ta hanyar hana ta abinci da barci, shi kuwa Lucentio ya yi shigar malami domin ya kusanci ƙaramar. Chakrapani ya ɗauki sassan nan biyu ya sake jera su. Ya mayar da babbar mai haƙuri, ƙaramar mai girman kai. Ya cire uba ya sa matar uba. Ya raba halin Katherina gida biyu, ya ba uwa kaifin harshe, ya ba 'ya taurin kai. Ya kuma mayar da manema biyu 'yan'uwan juna masu aiki da shirin mahaifinsu.

Sakamakon haka, abin da yake gasa tsakanin samari a wasan Ingila ya koma aikin gyara na gida guda a kan wani gida. An kuma sassauta horon: ba yunwa, ba hana barci, sai talauci na ƙarya da soyayya ta gaskiya. Duk da haka aure biyu a fim ɗin an gina su ne a kan yaudara. Lakshmi ta amince da bara ba ta san ɗan attajiri ba ne, Saroja ta bi wanda ta ɗauka matalauci ne. Labarin ya ɗauki wannan jahilci nasu a matsayin jarrabawar da ke tabbatar da cewa ba kuɗi suka bi ba. Mazan kuwa ba wanda ya jarraba su.

6.0 Kwatanci da Tatsuniyar 'Yar Bora da 'Yar Mowa

Manazarcin adabin baka na Hausa zai gane wannan zubi nan take. A tatsuniyoyin bora da mowa, irin su ta Ruwan Bagaja, akwai 'ya'ya mata biyu a gida ɗaya, ɗaya abin ƙi, ɗaya 'yar lele. Ana tura 'yar bora aiki mai wuya, ladabinta da haƙurinta su jawo mata arziki. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta gamu da wulaƙanci. Babu wata shaida da ke nuna ɗaya ya ara daga ɗaya. Zubi ne da ake samu a al'ummu da dama, kuma kamancin yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa irin waɗannan finafinai ba sa yi wa Bahaushe baƙunta.

Bambance-bambancen su ne suka fi amfani ga nazari. Na farko, tatsuniyar Hausa ta ginu ne a kan kishi tsakanin mata biyu rayayyu a ƙarƙashin miji ɗaya, alhali a fim ɗin uwar Lakshmi da ubanta duk sun rasu, don haka rikicin ya tashi daga neman soyayyar miji ya koma kan mallakar gida. Na biyu, a tatsuniya sakayya tana zuwa ta hannun halittu masu ban al'ajabi da yarinya ke gamuwa da su a hanya, a fim kuwa attajiri da 'ya'yansa ne suka ɗauki wannan matsayi. Na uku, tatsuniya takan bar 'yar mowa cikin asara, shi kuwa fim ɗin ya gyara Saroja ya ba ta rabo daidai da na yayarta. Tatsuniya tana raba mai kyau da mugu ne domin yara su ɗauki darasi. Fim ɗin iyali na kamfanin Vijaya yana son a tashi ba a rasa kowa ba, har da azzalumar da ta tuba.

7.0 Kammalawa

Gundamma Katha ya daɗe a zukatan masu harshen Telugu saboda haɗuwar manyan taurari, da zantuka masu daɗi, da kuma wasan Suryakantham, wadda ta ƙware a fitowa a matsayin muguwar suruka har ana yawan faɗin cewa iyaye sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunanta. Sanya wa fim mai manyan jarumai maza biyu sunan tauraruwar da ta fito a matsayin matar uba ya nuna inda nauyin labarin yake. Ita ce matsalar, kuma rushe mulkinta shi ne warwarar jigo. Fim ɗin ya tausaya wa marainiya da gaske, ya kuma girmama aikin gida, amma ya ɗora laifin zalunci a kan ikon mace, ya miƙa maganinsa ga dattakun namiji.

Tarihi ya ƙara wa batun wani babi. N. T. Rama Rao ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a 1982, ya zama Babban Ministan Andhra Pradesh a 1983. A zamanin mulkinsa ne jihar ta yi wa dokar gado gyara a 1986, ta ba 'ya'ya mata haƙƙi daidai da na maza a dukiyar gandu ta kakanni. Tamil Nadu ta bi sawu a 1989, Maharashtra da Karnataka a 1994, sannan Indiya baki ɗaya a 2005. Haƙƙin da Lakshmi ba ta buɗe baki ta nema ba a 1962 ya faɗaɗa ta hannun gwamnatin wanda ya fito a matsayin mijinta.

Ga manazarta Hausa, darasin shi ne a riƙa tambayar asalin kowane fim ɗin Indiya kafin a yanke hukunci a kan tasirinsa. Kamfanin da ya yi Gundamma Katha shi ne ya shirya Ram Aur Shyam na Dilip Kumar a 1967, daga fim ɗin Telugu mai suna Ramudu Bheemudu na 1964. Ke nan wani kaso na abin da aka sani da fim ɗin Hindi labarin kudu ne da ya sauya harshe. Bin wannan sawu, daga Madaras zuwa Bombai, daga can zuwa gidajen silima da sutudiyon fassara na ƙasar Hausa, fage ne da ke buƙatar bincike na musamman, musamman ta fuskar yadda ake fassara sunayen dangantaka, da al'adun aure, da matsayin matar uba idan labarin ya shigo bakin Bahaushe.